Kashe-Kunna da Hoton Auta

Yayana ne, ciki ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba gulma ba ce, ko a gaban idonsa zan maimaita. A layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kashe-Kunna ake ce masa, yara da manya, har matarsa in ranta ya ɓaci. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk wanda ya kawo masa kukan na'ura, kwamfuta ce ko waya ko firinta, kafin ya gama bayani Yaya zai tari numfashinsa ya ce ya kashe ya kunna tukuna. Abin haushin kuma, sau da yawa sai na'urar ta tashi lafiya lau, shi kuwa ya gyara zaman tabarau kamar wanda ya gama yi wa mutum tiyata.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, jikin kemis. Nawa shagon ɗinkin yana kallonsa daga tsallaken titi, in na ɗaga kai daga keke shi nake fara gani. A ciki akwai kwamfutocin tebur da mutane ke shiga intanet, da injin fotokwafi mai hura zafi, da farin ƙyalle a bango inda ake zama ɗaukar hoton fasfo. Can ƙurya teburinsa yake, da tsohuwar laftof ɗinsa wadda batirinta ya gaji tuntuni. Kullum da safe sai ya bi komai da tsumma, har ƙasan linzamin kwamfuta. Kwandon shararsa kuwa ba ya rabo da yagaggun hotuna. In firinta ta ja layi siriri kamar gashi a goshin mutum, ko mai hoton ya ce ba komai a ba shi haka, Yaya sai ya yage ya sake. Ya ce ba za a ga ƙazamin aiki a ce daga hannunsa ya fito ba.

Tun muna yara haka yake. In ya yi kuskuren harafi ɗaya a aikin makaranta ba ya gogewa, yage shafin yake yi ya faro daga sama. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan kalle shi ya girgiza kai ya ce hali zanen dutse. Da ya girma ya koyi aikin kwamfuta, sai halin ya samu gidan zama. Maganinsa uku ne ba su wuce ba: a kashe a kunna, a share, in ta ƙi a wanke ta gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa. Burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ya saita ta a kowace kwamfuta ta shagon yadda da zarar an rufe ta sai ta zubar da duk abin da ta tara. Yana alfahari da wannan. Yakan ce a shagonsa ba mai barin sawu.

Wankin nan ne ya raba shi da Autanmu.

Auta ƙaninmu ne, tazararsa da mu mai yawa ce, Inna ta haife shi bayan ta cire rai. Da ya gama sakandare sai ya riƙa zama shagon Yaya yana koyon aiki. A wata damina rufin ɗakin Inna ya yi yoyo daidai kan akwatin da take ajiye hotunan gida, suka manne da juna, wasu fuskokin suka narke. Auta ya zauna ya ɓanɓare waɗanda suka tsira, ya saka su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, har da na Baba wanda shi bai yi masa wayo sosai ba. Takardun kuwa suka ƙarasa ruɓewa aka zubar. Ba a daɗe ba bairos, cutar nan ta na'ura, ya shiga kwamfutar, Yaya ya zo da safe ya wanke ta tas, bai tambayi kowa ba. Da Auta ya zo ya tarar wayam, ya faɗi maganar da ƙani ba ya faɗa wa wansa, Yaya ya kwaɗa masa mari a gaban kwastomomi. Kafin sati ya zagayo Auta ya bar garin, siririn yaro mai dogon wuya, ko gashin baki bai gama fito masa ba.

Aiki ya samu a wani kamfanin gina hanya, can nesa, suna bin titi daji-daji. Inna kaɗai yake kira, a 'yar wayarta mai maɓallai wadda ba ta nuna hoto. Ni in na karɓi wayar mukan gaisa sama-sama, in na ce ya turo mana hotonsa sai ya yi dariya ya ce in ya dawo ma gan shi a tsaye. Yaya kuwa ko sunansa ba ya son ji. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, kullum bana zai zo, kullum aiki ya riƙe shi. A tsakanin nan idon Inna ya fara mutuwa. Likita ya ce ba na aiki ba ne, hasken zai yi ta raguwa ne a hankali. Tsakiyar ganinta ya tafi, saura gefen idon hagu, shi ma sai abu babba, kusa, kuma cikin hasken rana. In za ta kalle ka sai ta juyar da kai gefe kamar kaza.

Labarin rasuwarsa a waya ya zo. Zazzaɓi ne ya kama shi a sansaninsu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, a can aka rufe shi. Inna ba ta yi kururuwa ba. Abu ɗaya ta yi ta maimaitawa, cewa ita yaro ta sani, ba ta san mutumin da ya mutu ba, ko a hanya suka haɗu da sai ta wuce shi.

Bayan wasu watanni wani abokin aikinsa, direban katafila, ya biyo ta garinmu ya kawo jakar mamacin. Riguna ne da takalmi da bargo. Wayarsa an nema an rasa. Da mutumin ya ji abin da Inna ke faɗa, sai ya tuna cewa an taɓa ɗaukarsu hoto ranar da suka gama wata gada, kuma an saka a shafin kamfanin na intanet. Ya faɗa wa Yaya yadda zai nemo shafin, ya yi mana gaisuwa ya tafi.

Ina tsaye a bayan Yaya ya buɗe shafin a laftof ɗinsa. Ma'aikata ne a jere gaban katafila, da ya danna hoton sai ya buɗe ya cika allo. Auta na ƙarshen layi, ya cire hular kwano ya riƙe a hannu. Ya yi faɗi, ya tsayar da gemu, rana ta sa ya ɗan kanne ido. Na zauna a kan kwalin takarda na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kira mu. Yaya ya kai linzami kan hoton, ya zaɓi a ajiye, ya ce in je in gaya wa Inna gobe za ta ga ɗanta, zai buga mata shi babba.

Hoton bai ajiyu ba. Abin da ya sauka fayil ne mai suna amma ba komai a cikinsa, in an danna sai kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. Yaya ya tsaki, ya sake. Wannan karon wani ɗan akwati ya fito a ƙasan allo yana cewa saukewa ta gaza. Ya canza wa fayil ɗin suna, ya canza inda zai ajiye shi, ya cusa filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce ya sauka can, duk kanwar ja ce. Ya ja hoton da linzami ya jefa a fuskar kwamfuta, sai adireshi kawai ya faɗo ba hoto. Ya ajiye shafin gaba ɗaya, da ya buɗe abin da ya ajiye sai ga rubutu da fankon akwatuna inda hotuna ya kamata su kasance. Ya ɗora laifin a kan sabis ya canza layi. Ya ɗora a kan manhajar kashe bairos ya dakatar da ita. Kwastomomi suka yi ta zuwa suna komawa, ya ce musu injin ba lafiya.

Washegari ya ce bari ya gwada a wata kwamfutar. Shafin ya ƙi buɗewa. Ya gwada a ta biyu, ya gwada a wayarsa da tawa da ta mai kemis, ko'ina farin allo ne da saƙon cewa ba a samu wurin ba. Ya kira direban katafila, mutumin ya ce ai kamfanin ya durƙushe tun kwanaki, an sallame su, ana ta sayar da injuna, shi ya sa ma ya samu sukunin kawo jakar. Ashe shafin yana gargarar mutuwa ne muka same shi.

Yaya ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ranar na fara ganin tsoro a fuskarsa. Ya ce duk lokacin da ya ce a ajiye, burauzar komawa take yi gidan kamfanin ta roƙo hoton, gidan kuwa ya rushe. Wanda muke gani a allo shi ne wanda ta riga ta ɗauko take riƙe da shi. Muddin ba a sabunta shafin ba, ba a rufe shi ba, kwamfutar ba ta mutu ba, Auta na nan. A duk duniya, iya saninmu, nan kaɗai yake.

Nan take ya shiga kemis ya karɓo filasta ya manne maɓallin da ake sabunta shafi da shi, don ya san hannunsa. Ya bi wayar caji ya manne ta a ƙasa da salatif har zuwa soket. Mai kemis yana da sola saboda firjin allurai, ya yarda aka huda bango aka jawo waya daga can, don in an ɗauke wuta batirin laftof ɗin ba ya kai ko'ina. Yaya ya daina zuwa gida cin abinci. In zai rufe shago sai ya tsaya ya daɗe yana sauraron ƙarar fankar da ke cikinta, sannan ya ja ƙofa a hankali kamar mai barin majinyaci.

Muka kawo Inna shagon, ina riƙe da hannunta. Aka zaunar da ita gaban allo, ta juya kai hagu, ta juya dama, ta matsa har hancinta ya kusa taɓawa. Hasken ya sa idon ya yi ta zubar da ruwa.

"Fari kawai nake gani," in ji ta. "Yana ina?"

Yaya ya kama yatsanta ya kai kusa da fuskar Auta, bai bari ya taɓa ba. Ta zauna a haka jim kaɗan, sannan ta ce a mai da ita gida. A bakin ƙofa ya rantse mata cewa zai buga shi a takarda mai girman rabin ƙofa, tar-tar, ta fita da shi tsakar gida ta gan shi a rana.

To, a nan ne ni da shi muka raba gari. Mai kemis, wanda ba sana'arsa ba ce, ya ce ai akwai maɓallin da ke ɗaukar hoton abin da ke kan allo, me zai hana a danna a huta. Yaya ya ce ya sani tun kafin mai kemis ya san hanyar makaranta. Ya ce wannan kwafin kwafi ne, in aka buɗa shi girman da Inna ke buƙata fuskar za ta dagargaje, asalin hoton kuwa yana nan cikin kwamfutar kuma shi zai ciro. Ɗaukar hoton allo a hannu yake, ba inda za shi, in komai ya ƙi sai a koma masa. Na ce a yi shi yanzu mana a ajiye gefe, ba kuɗi ake biya ba. Ya ce laftof ɗin ta tsufa, ba zai riƙa danne-danne barkatai ba ta sandare masa.

Da na ga maganar ba ta shiga, na faki idonsa yana ba wani canji, na ɗaga wayata na ɗauki allon. Gaskiya hoton bai yi kyau ba. Layuka sun ratsa shi, hasken ƙofa ya kwanta a kafaɗar Auta, amma fuskar na nan, ana gane ta. Yaya ya ji ƙarar, ya miƙo hannu ya ce mu gani. Ya duba, ya yamutsa fuska yadda yake yi wa hoton da firinta ta ɓata, kafin in buɗe baki babban yatsansa ya goge shi, ya bi shi kwandon sharar wayar ya sake gogewa.

Na ce, "Yaya, da babu ai gara ba daɗi."

Ya ce, "Uwata ba za ta ga ɗanta layi-layi ba. Na ɓata masa sau ɗaya. Wannan sai na yi shi daidai."

Na zazzage masa duk abin da ke cikina, har mutane suka tsaya a titi. Na ce girman kai ne ke cinsa, na ce garin neman gira zai rasa ido. Ya juya laftof ɗin ta kalli bango, ya jawo benci ya tare hanyar, ya ce daga yau ko ni ko wani ba mai zagayowa bayan teburin nan. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in ƙyale shi, shi ya san aikinsa. Haushinsa na ji kamar in shaƙe shi, amma tausayinsa ma na ji, don na san ba da ni yake faɗan ba. Tun ranar da aka ce Auta ya mutu marin nan yake cinsa, kuma ya sa a ransa cewa hoto mai kyau shi ne haƙurin da bai bayar ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Ya rame, idonsa ya yi ja. Daga shagona nakan hango shi ya dafe kai gaban allo, ko yana waya da wani yana rubuta abu a tafin hannu. A ƙarshe ya samu tsohon maigidansa, wanda ya koya masa aiki, ya ce masa akwai wata ma'ajiya can ciki inda burauza ke tara abin da ta ɗauko na ɗan lokaci, in ya lallaɓa ya shiga ya kwafe ta gaba ɗaya a filash, za a iya tsamo hoton daga ciki daga baya. Ranar ya tsallako shagona da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce gobe in Allah ya yarda magana ta ƙare.

Da hantsi na kai masa shayi, don matarsa ta ce bai karya ba ya fito. Na tarar shagon cike da 'yan makaranta masu son a buga musu takardun jarrabawa, ga wata mata ta kafe sai an sake mata fasfo wai an yi mata baƙi. Yaya na ƙurya, ya sa filash, ya buɗe ma'ajiyar, yana amsa wa matar ba tare da ya kalle ta ba. Ma'ajiyar ta fara buɗewa ta tsaya. Ya motsa linzami, kibiyar ba ta motsa ba. Ya sake motsawa. Matar ta ƙara ɗaga murya, wani ɗan makaranta ya ce takarda ta maƙale a injin fotokwafi, Yaya ya juya yana ce masa kada ya ja, kada ya ja, bari ya zo.

Ina bakin ƙofa da kofi a hannu na ga yatsansa. Fuskarsa na wajen injin fotokwafi, bakinsa na magana, hannun damansa kuwa ya tafi shi kaɗai inda ya saba zuwa duk lokacin da kwamfuta ta sandare, ya danne maɓallin kashewa ya riƙe. Maɓallin sabunta shafi ya manne da filasta, wannan bai tuna da shi ba. Na buɗe baki, sunansa ma bai gama fita ba fankar ta yi shiru.

Shi ma shirun ne ya juyo da shi. Ya kalli baƙin allon, ya kalli yatsansa da ke kan maɓallin har yanzu. Bai ɗaga shi da sauri ba. Matar ta ci gaba da mitar fasfonta, sai da ta ga fuskarsa sannan ta ja bakinta ta fita, 'yan makarantar suka bi ta ɗaya-ɗaya.

Ya kunna. Laftof ɗin ta ɗauki lokacinta ta tashi, lafiya lau, kamar yadda suke tashi kullum. Burauza ta tambaya ko a dawo da shafin da aka bari, ya ce a dawo, ta dawo da farin allo da saƙon cewa ba a samu wurin ba. Ya shiga ma'ajiyar da maigidansa ya kwatanta masa. A share take tas, bisa saitin da ya yi mata da hannunsa shekaru da suka wuce. Filash ɗin ma ba abin da ya kai ga shiga. Daga baya an kai laftof ɗin wurin masu tono abin da aka goge, suka riƙe ta suka dawo da ita da tarkacen takardun mutane, babu Auta. Direban katafila ya tambayi abokan aikinsu da ya iya samu, ba wanda ya ajiye hoton, kowa ya ɗauka yana can a shafi. Hausawa suka ce sabo turken wawa, ni dai ban faɗa masa ba.

Shi ya gaya wa Inna da kansa. Tana zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinta inda rana ke sauka, ya durƙusa ya faɗi komai bai rage ba, har da goge na wayata. Ta ce to Allah bai nufa ba, amma tunda shi ya kwana ya wuni da hoton, ya ba ta labarin fuskar.

"Ya tsayar da gemu?" ta tambaya.

Yaya ya san launin ɗan akwatin da ke cewa saukewa ta gaza, ya san kalmomin cikinsa kamar karatu, ya san sunan fayil ɗin har lambobin ƙarshensa. Fuskar ce bai iya kallo ba. Duk kwanakin nan gefe-gefen allon yake bi, in idonsa ya zo kan ƙaninsa sai ya kauce. Ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba.

Ni na amsa. Na ce ya tsayar, gajere, ya zagaye haɓa. Na ce ya yi ƙiba a kafaɗa, goshinsa ya yi layi biyu a tsakanin gira. Ta ce da wa ya yi kama, da Babanku? Na ce a'a. Tun ranar farko na gani na haɗiye, don na san ba wanda zai so ji. Na ce Inna, in kin ga Yaya kin ga Auta, gemun ne kawai bambanci.

Ta juyar da kanta gefe ta ce masa ya matso. Ya matsa. Ta ce ya cire tabarau ya fuskanci rana. Ta kama haɓarsa ta juya shi yadda take so, ta kawo gefen idon hagun nan kusa da kuncinsa, ta yi ta kallo. Hawaye na bin fuskarsa, ta sa bakin mayafinta ta share ta ce ya tsaya cak, yana ɓata mata.

Shagon na nan har yanzu, amma ba kamar da ba. Ya daina yage komai. Hoton da ya ɓaci, takardar da ta maƙale, tsohon filash da ya mutu, duk tarawa yake yi a kwalaye, har sun kai rabin bango sun rufe farin ƙyallen fasfo. Kwamfutocin sun cika sun yi nauyi, ba ya yarda a wanke su, mutane suka gaji da jira suka koma wani wuri. Filastar na nan a kan maɓallin, ta yi baƙi. Yara har yanzu Kashe-Kunna suke ce masa, yana amsawa, amma ni ban ƙara jin kalmar daga bakinsa ba.

Mutumin da bai taɓa kwana biyu bai yi aski ba ya bar gemu. Kullum da hantsi kafin ya buɗe shago sai ya biya gida, ya cire tabarau, ya zauna a bakin ƙofar Inna yana fuskantar rana. Ba sa hira. Wani lokaci takan kira shi Auta, ya amsa. Ganin nata ya ƙara ja baya, yanzu rabin kallon da hannu take yi.

In gemun ya yi tsawo sai ya tsallako shagona ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki, in ɗauki ƙaramin almakashina in rage masa. Da na gama yakan shafa haɓar ya tambaye ni ko haka yake. Da farko nakan gyara nan in rage can, don ina ganin hoton a raina. Jiya da ya tambaya na rufe ido in tuno fuskar da ke ƙarshen layin nan gaban katafila, sai ta Yaya ta zo mini, da jan idon da komai. Na yi ta nema, ban samu wata ba.

Na kakkaɓe masa gashin da ya zuba a kafaɗa na ce, "Haka yake, Yaya."